Mikiro a Gurbin Atika

Ka taɓa jin muryarka a kaset ka ce wannan ba kai ba ne? To ba laifin muryar ba ne, ba kuma laifin kaset ba. Sau tara cikin goma laifin wurin da aka aje mikiro ne, wato ɗan abin nan mai kan raga da ake kara wa mutum kusa da baki. Matsar da shi yatsa huɗu kawai, sai ka ji mutum ya dawo kansa. A Madarumfa an yi wani mutum da ya ƙare rayuwarsa a kan waɗannan yatsu huɗu. Sunansa Lawali, ana ce masa Lawali Mai Kaset.

Ɗan masunta ne. Uwarsa ta rasu yana goye, sai kakarsa Mariama ta ɗauke shi, ita da ƙanwarta Atika, suka raine shi a wani ɗakin jinka da ke can bayan gari, wajen da hanya ke gangarawa tabki. Matan nan biyu makaɗan ƙwarya ne. Mariama ke ba da waƙa, tana kaɗa ƙwaryar da ta kifa a gabanta da zobban yatsunta. Atika na zaune a hagunta tana amshi, tana buga ƙwaryar ruwa, wato babbar ƙwaryar da ake kifawa a kan ruwa cikin kwano mai faɗi, a doke ta da ƴan sanduna ta riƙa ba da sauti mai zurfi kamar daga cikin rijiya. Daga Safo har Gabi, ba sunan da za a yi ko biki na mata da ba a aiko musu da amalanken jaki ba.

Bayan samun mulkin kai da kaɗan Lawali ya bar taru da kwalekwale ya tafi Maraɗi neman sana'a. Can ya faɗa hannun wani Kirista mai gyaran rediyo, Sila, wanda ke da babban akwatin ɗaukar magana mai faifai biyu masu juyawa, irin wanda mutanen Maraɗi ke ce wa manyeto. Da shi Sila yake ɗaukar waƙoƙin majami'arsu. Ranar farko da Lawali ya kafa mikiro, sai ya tsayar da shi a tsakiyar ɗaki daidai wa daida, ya ja baya yana kallo yana jin daɗi.

Sila ya ce, “Ka kafa shi don a gani ne ko don ya ji?”

“Ai nan ne tsakiya, maigida.”

“Tsakiyar ido ke nan. Toshe kunnenka ɗaya da yatsa. Yanzu zagaya mutanen majami'ar suna waƙa, ka duƙa, ka miƙe, ka matsa, ka ja baya. Inda kunnen nan ɗaya ya ji kowa daidai, nan za ka aje shi. Mikiro kunne ɗaya gare shi, kuma ba ya zaɓe. Kai kana jin abin da kake so, shi yana jin kome.”

Wannan aikin Lawali ya riƙe, ya kuma ƙara masa nasa. Ya auna kome da hannunsa, don hannu ba a mantuwa da shi a gida. Muryar mai waƙa, taki ɗaya daga baki, kuma a ɗan karkace, don kada iskar “ba” da “fa” ta riƙa dukan raga. Goge, taki biyu, a saitin fatar, ba wajen izgar ba, in ba haka ba sai ƙaiƙayi za ka kwaso. Gurumi, kada ka nufi ramin, zai yi maka gunji. Kalangu kamu guda, ta gefe. Kada mikiro ya taɓa ƙasa, don dakan da ake yi gida uku daga nan ta ƙasa yake biyowa. Shi kuma akwatin a kai shi iyakar inda waya ta ƙare, kada ya ɗauki gurnanin cikinsa.

Da ƙananan manyeto masu kaset suka fara shigowa ta iyaka, ya sayi ɗaya mai cin pil shida, wato batir, ya rataya a kafaɗa ya dawo Madarumfa. Ya ɗauki masu goge, ya ɗauki masu kalangu, ya ɗauki uwaye suna aika gaisuwa ga ƴaƴansu ƴan ci-rani a Najeriya. Mutum biyu kaɗai suka ƙi shi a duk ƙasar, su ne waɗanda suka raine shi.

Mariama takan ce, “Kai maigida, tafi da akwatinka. Mi zan yi da muryar da ba ni cikinta?”

Atika ta ce, “Bar shi, Yaya. Mijin nan naki ba ya kawo cefane, sai waya.”

Haka suka yi ta yi masa, irin wasan kaka da jika, shi kuma yana cewa akwai lokaci.

Shekarar da ta biyo bayan babban farin nan da ya ci dabbobi, Atika ta kwanta zazzaɓi, ba ta tashi ba. Ba a jima ba muryar Mariama ta fara dishewa. Aka ce kukan rashi ne, aka ba ta zuma da citta. Dishewar ba ta tafi ba. Lawali ya kai ta asibiti a Maraɗi, likita ya taɓa wuyanta ya daɗe yana taɓawa, sannan ya ja Lawali gefe ya ce masa wani abu ne ke girma a maƙogwaro, muryar raguwa za ta yi ta yi har ta ƙare.

Ba wanda ya gaya wa tsohuwar, amma da suka dawo gida ta zauna bakin gado ta ce, “Maigida, kawo akwatin naka.”

Waƙoƙinta ashirin da uku ne, duk ita ta ƙaga su, kuma ba mai su cikakku sai ita. Lawali ya lissafa, kaset biyu gaba da baya za su ɗauke su. Abin da bai sani ba shi ne ko muryar za ta kai.

Tsakar rana ya zaɓa. Da safe gari daka ne ko'ina, da yamma shanu ne da jakai. Sai rana ta take, lokacin da uwaye ke hana yara bi ta gindin tsamiya, sannan Madarumfa ke yin tsit, har tabkin ya kwanta kamar an shafe shi da hannu. A wannan shirun ya shiga ɗakin da ya girma a ciki.

Kome na nan yadda yake. Tabarmar Mariama, ƙwaryarta. A hagu kuma tabarmar Atika a shimfiɗe, kwanon cike da ruwa, ƙwaryar a kife tana shawagi, sandunan biyu a jere bakin kwano. Ruwan sabo ne, ko ƙura babu a kansa. Ashe tun ranar da aka fita da Atika, kullum safiya tsohuwar nan sai ta zubar da na jiya ta zuba wani. Lawali ya gani, ya sauke akwatinsa daga kafaɗa.

Ya kafa mikiro a gabanta, taki ɗaya, a kan ɗan reshe mai baki biyu da yake yawo da shi. Ta kaɗa, ta ba da baitin farko. Da ya mayar da kaset baya suka saurara, ƙwarya ce kawai ke magana, muryar tana can ƙarƙashi kamar ta wanda aka rufe da bargo. Ya matso da shi yatsa huɗu daga bakinta. Yanzu muryar ta fito, amma tare da duk ciwon da ke cikinta, da shaƙar numfashi, da ƙarar miyau. Ya koma damanta. Nan kuma ƙofa ce, iska na shigowa, ga wata kurciya a kan danga da ta ƙi yin shiru.

Mariama ta ce, “Yau ga mai sana'a. Haka kake yi wa mutane, kana rarrafe a gabansu kamar mai neman allura?”

“Kaka, ke dai ci gaba.”

Ya toshe kunnensa ɗaya, ya fara zagaya ta a durƙushe. Sai a lokacin ya lura da abin da ya gani dubun sau bai taɓa kulawa ba. Mariama ba ta waƙa gaba. Da ta buɗe baki sai fuskarta ta juya hagu. Tun suna ƴan mata take jefa wa ƙanwarta waƙa ta can, wuyan ya saba. Ya bi muryar a hankali, ya ƙetare gabanta, ya duƙa, ya ƙara duƙawa. A bisa tabarmar Atika, saman ƙwaryar ruwa, daidai tsayin kunnen mace a zaune, nan ya same ta. Muryar ta zo masa a cike, ba dishi, kiɗan kuma ya koma bayanta ya zauna inda ya kamata. Duk ɗakin nan wuri ɗaya ke nan, faɗinsa bai fi tafin hannu ba.

Ya miƙa hannu zai jawo reshen.

Mariama ta daina kiɗa. “Ba nan ba.”

“Kaka, nan ne kaɗai…”

“Wurin da mai shi.”

Ba da faɗa ta faɗa ba. Yadda za ka gaya wa baƙo kada ya zauna don mai kujerar ya fita ne zai dawo, haka ta faɗa.

Ga kuma wata matsalar da ta fi wannan. Ko ina ya aje mikiro, tsohuwar ba ta wuce baitin farko. Takan ba da waƙa, ta bar gurbin amshi, ta karkata kai tana jira. Ba abin da ke zuwa. Sai hannunta ya rikice a kan ƙwarya, tari ya taso, baiti na biyu ya ɓace mata. Lawali ya ce bari ya kira matan maƙwabta su amsa mata.

“Su amsa mi? Su da ke shigowa kafin in rufe baki?”

“To ni in amsa.”

“Da wannan muryar taka ta jakin Safo? Maigida, ka rufa mini asiri.”

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Ranar ba a ɗauki kome ba. Washegari ma haka, da ranar da ta biyo. Kullum ya zo sai ya tarar muryar ta ƙara sirancewa. Wata safiya ya ji ta tana kiran kajinta a tsakar gida, kajin ba su ko ɗaga kai ba. Nan ya juya ya tafi neman igiya.

Da rana ta take ya shigo da igiya a hannu. Ya durƙusa gabanta.

“Kaka, ba zama zai yi a wurin ba. Daga jinka zan rataye shi. Ba zai taɓa tabarma ba, ba zai taɓa ƙwarya ba.”

Ta dubi tabarmar. Sannan ta ce, “Ba ni za ka tambaya ba. Yi mata sallama.”

Lawali mutum ne mai iyali a lokacin, ya shiga gidajen sarakai da akwatinsa bai ji ɗar ba. Amma da ya juya ga tabarmar da ba kowa a kanta ya ce, “Salamu alaikum, Inna Atika, a ba ni wuri,” sai ya ji tsigar jikinsa ta tashi tun daga ƙeya. Ba abin da ya motsa. Kurciyar da ke kan danga ce kawai ta yi shiru.

Ya ɗaura igiyar a wani itacen jinka, ya sauko da mikiro har tsayin da ya auna, taki uku sama da ƙwaryar ruwa. Mikiron ya riƙa juyawa a hankali, igiya na warwarewa, ya je hagu, ya dawo dama, sannan ya tsaya yana fuskantar Mariama. Lawali ya kai akwatin bakin ƙofa, ya danna.

Ta kaɗa. Ta ba da baitin farko, ta juya hagu, ta jira. Shiru. Hannunta ya rikice kamar kullum. Lawali ya tsayar, ya mayar da kaset baya, don dai ya ji ko muryar ta zauna.

Ta zauna kuwa. Mariama ce ta dā ke fitowa daga akwatin, har ita kanta ta ɗaga gira. Baitin ya ƙare, gurbin amshi ya zo. Kuma a cikin gurbin akwai wani abu. Ƙasa-ƙasa yake, kamar mace na rera waƙa da baki a rufe a ɗaki na gaba. Ya hau, ya ƙara hawa, ya sauko, ya tsaya daidai inda mai ba da waƙa ya kamata ta karɓa.

Lawali ya san dalilai, kuma ya shiga jera su da sauri, don bakinsa ya samu abin yi. Ya ce irin wannan akwatin in an yi shiru yakan buɗe kunnensa da kansa, ya jawo ƙaramin sauti ya girmama shi. Ya ce ƙwarya a kan ruwa takan amsa kiɗan wata ƙwaryar ko ba a taɓa ta ba, ta ci gaba da gunji bayan an daina. Ya ce mikiron a samanta yake, dole ya ji. Duk gaskiya ne. Abin da bai faɗa ba shi ne gunjin ƙwarya sauti ɗaya ne, ba ya hawa ba ya sauka.

Mariama ba ta saurare shi ba. Ta ce, “Mayar.” Ya mayar. Ta saurara da kai a karkace, sannan ta ɗan tsuke baki.

“Ta makara kaɗan. Kullum a wanga waƙar sai ta makara.”

Akwatin yana da wata ƴar waya ta kunne, wadda mai ɗauka ke sawa ya ji abin da mikiro ke ji a lokacin da ake yi. Lawali ya ciro ta daga aljihu, ya ja akwatin kusa yadda wayar za ta kai, ya naɗe shi da bargo don gurnani, ya sa wa tsohuwar a kunnen hagu. Shi ya zauna ba shi da kome sai kunnuwansa biyu da wata ƴar allura a fuskar akwatin mai rawa in sauti ya shiga. Ya danna.

Ta ba da baitin farko. Ta jira. A ɗakin Lawali bai ji kome ba, ko ƙuda. Amma allurar ta ɗaga, ta ƙara ɗagawa, ta kwanta. Mariama ta gyaɗa kai ta karɓa, ta shiga baiti na biyu, ta wuce na uku, hannunta ya warware a kan ƙwarya, zobba na ta tsalle. Ya zuba wa bakinta ido a gurbi na gaba, ko ita ce ke amsa wa kanta ba ta sani ba. Leɓɓanta a rufe, tana haɗiyar miyau da ƙyar. Allurar ta ɗaga.

Ya dubi kwanon. Ruwan na ɗan rawa a gefen ƙwarya, zobe-zobe ƙanana suna fita suna ɓacewa.

Hanyar sani ɗaya ce, kuma tana nan kusa da gwiwarsa. In ya ɗora yatsa ɗaya a kan ƙwaryar ruwan, gunjinta zai mutu. In allurar ta kwanta, ƙwarya ce. In ba ta kwanta ba, to. Mutumin da ya yi shekaru yana auna kome da hannu, hannun ya tashi da kansa. Ya kai taki ɗaya daga ƙwaryar. Ya kai yatsa huɗu. Yana jin sanyin ruwan a tafinsa.

Sai ya dubi kakarsa. Idonta a rufe, fuskarta a juye hagu, tana murmushi irin na wadda aka zo tarya a tasha. Tana cikin waƙa ta huɗu, saura goma sha tara. In ƙwarya ce, ya kuma kashe ta, tsohuwar za ta jefa baiti ta ji ba kowa, kuma ya san ba za ta sake buɗe baki ba. Zai samu amsarsa, ya rasa waƙoƙin.

Ya janye hannun, ya sa shi ƙarƙashin cinyarsa ya danne.

Ranar suka cika kaset ɗaya gaba da baya kafin a kira la'asar. Washegari da rana ta take suka ɗora na biyu. Wajen ƙarshe muryar ta koma kamar zare, duk abin da Sila ya koya masa yana ce masa matso da mikiro, matso da shi. Bai taɓa igiyar ba. A waƙa ta ashirin da uku tsohuwar ta ba da baitin ƙarshe, ta jira allurar da ba ta gani ta ɗaga ta kwanta, sannan ta kifa tafinta a kan ƙwarya.

Ta cire wayar daga kunne ta miƙa masa. Ta rarrafa zuwa tabarmar hagu, ta ɗaga ƙwaryar ruwan da hannu biyu, ta jingine ta a bango. Ta ɗauki kwanon, ta ƙi ya taimaka mata, ta fita ta zubar da ruwan a gindin danga. Da ta dawo ta ce da raɗa, “Naɗe mata tabarmar. Ta gaji.”

Kafin a yanke gero muryar Mariama ta tafi gaba ɗaya. Ta ƙara ƴan watanni tana magana da hannu, tana zungurar Lawali da sanda in ya makara da gaisuwa, sannan ta bi ƙanwarta.

Lawali ya ci gaba da sana'arsa har ƙarshen shekarun saba'in da bayansu. Kaset biyun nan ya kwafa wa duk matar da ta roƙa, waƙoƙin suka koma bakin mata a gidajen suna. Masu saurare suka rabu biyu, wasu su ce ƙwarya ce, wasu su tashi su bar ɗakin. In an tambaye shi yakan ce bai auna ba. Abu ɗaya dai ya canza a aikinsa. In tsoho ko tsohuwa zai ɗauka, ba ya fara ciro mikiro. Sai ya zauna ya ja su da hira, yana kallon gefen da fuskarsu ke juyawa in magana ta yi daɗi. Kusan kowane tsoho yana da gefensa. Sai ya tambayi wa ke zama nan dā, a faɗa masa suna, ya yi wa sunan sallama, sannan ya rataya.

In akwai tsoho a gidanku, kada ka ce akwai lokaci. Ko wayar hannu gare ka ta isa. Jira rana ta take gari ya yi tsit, ka lura da gefen da yake juyawa, ka aje ta can daidai tsayin kunnen mutum a zaune, kada ta taɓa ƙasa. In ya yi shiru tsakanin magana da magana, kada ka tsayar, bar ta ta ɗauki shirun. Ka gwada, sannan ka saurara.